Rijiya a Tuba, Kasuwa a Legas: Shin Hannun Jarin Kamfanonin Mai Ya Dace da Mutumin Khaddamari?

A ranar 23 ga Mayun 2023, saura kwana shida ya sauka daga mulki, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da haƙar rijiyar mai ta Wadi-B a Tuba, cikin ƙaramar hukumar Jere, wadda Khaddamari ce hedikwatarta. Shugaban kamfanin NNPC na lokacin, Mele Kyari, ɗan Borno ne, kuma mutane da yawa sun ɗauka cewa a wannan karon za a kai ga gaci. Ranar 29 ga watan, sabon shugaba Bola Tinubu ya sanar a jawabin rantsuwarsa cewa tallafin man fetur ya ƙare. Bayan kwana biyu NNPC ya fitar da sabon jadawalin farashi: lita ɗaya naira 488 a Legas, 537 a Abuja, 557 a Maiduguri. Babu garin da ya fi Maiduguri tsada a wannan jadawali.

Cikin mako guda, mutanen Jere suka ga mai ta fuska biyu. An yi musu albishir da arzikin da ke ƙarƙashin ƙasarsu, sannan aka ninka musu kuɗin da suke zuba wa injin ban ruwa da Keke Napep kusan sau uku. Dalilin tsadar a bayyane yake: bututun da ke kawo mai daffon Maiduguri ya daɗe ba ya aiki, tankoki ne ke ɗauko shi tun daga bakin teku, kuma asusun da a da yake biyan kuɗin dakon don farashi ya zama ɗaya a ko'ina an soke shi.

Daga nan tambaya ta taso, kuma tambaya ce ta masu hankali. Tunda mai ne ke cinye kuɗin aljihu, me zai hana mutum ya koma ɓangaren masu sayarwa? Malamin makarantar da ya karɓi giratutinsa, da mai injin casar shinkafa a Zabarmari, da matashin da ke da manhajar dillalan hannun jari a wayarsa, duk suna iya sayen wani yanki na kamfanin mai ba tare da sun taka Legas ba. Ko ya kamata su yi, a nan ra'ayi ya rabu.

Masu cewa a saya suna farawa ne da naira, kuma a nan hujjarsu ta fi ƙarfi. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da ake samu a kan naira 460 a hukumance ta haura 1,500 kafin shekara ta zagayo. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Duk wanda ya ajiye kuɗinsa a asusun banki a wannan tsakanin ya ga ƙarfin sayensu ya zaizaye yana ji yana gani. Kamfanin da ke haƙo ɗanyen mai kuwa da dala yake sayar da gangarsa, don haka kowace faɗuwar naira tana ƙara masa kuɗin shiga idan aka lissafa da kuɗin gida. Misalin da suke bugun ƙirji da shi shi ne Seplat. A ƙarshen 2022 hannun jarinsa ɗaya yana kan naira 1,100. A ƙarshen 2023 ya kai 2,310, a ƙarshen 2024 kuma 5,700. Kamfanin yana raba riba sau huɗu a shekara, kuma da kuɗin Amurka yake ayyana ta. Sai su tambaya: wane buhun shinkafa ko wane sa ne ya ninka kuɗinsa sau biyar cikin shekara biyu, ba tare da gara ta ci shi ko an yi awon gaba da shi a daji ba?

Hujjarsu ta biyu ita ce sauyin hannu da aka yi a rijiyoyin ƙasar. Manyan kamfanonin ƙetare sun tattara nasu ya nasu daga tudu da gaɓar tekun Neja Delta. A Agustan 2024 Oando ya kammala sayen kamfanin Agip na Najeriya daga hannun Eni na Italiya a kan dala miliyan 783. A Disambar shekarar Seplat ya karɓi rijiyoyin Mobil na bakin teku daga ExxonMobil, abin da ya ninka yawan man da yake haƙowa fiye da sau biyu. A Maris ɗin 2025 gamayyar Renaissance ta karɓi kamfanin Shell na tudu, kuma ɗaya daga cikin 'yan gamayyar shi ne Aradel, wanda ya shiga kasuwar hannun jari ta Legas a Oktoban 2024. Shekara sittin ana kukan cewa ribar man Najeriya tana tafiya Landan da Amurka. Yau, in ji su, ga ƙofa ta buɗe, ɗan ƙasa na iya mallakar wani abu a cikin rijiyoyin da kansu. Idan ɗan Arewa ya noƙe, wasu ne za su kwashe, a dawo ana kukan an bar Arewa a baya.

Suna kuma da amsa ga masu cewa zamanin mai ya kusa ƙarewa. A 2020, lokacin annobar korona, ExxonMobil ya yi asarar dala biliyan 22, aka cire shi daga jerin manyan kamfanoni talatin na ma'aunin Dow Jones, masana da dama suka fara yi wa sana'ar jana'iza. Shekara biyu kacal bayan haka, Rasha ta afka wa Yukiren, ganga ta haura dala 120, kamfanin ya ci ribar kusan dala biliyan 56, Aramco na Saudiyya kuma biliyan 161. Ƙungiyar OPEC tana hasashen cewa buƙatar mai za ta ci gaba da ƙaruwa har zuwa 2050, kuma wanda ya tsaya a Muna Garej ya ƙirga tireloli da motocin da ke shirin tafiya Dikwa da Gamboru Ngala ba zai yi saurin musanta ta ba.

Masu cewa a yi hattara ba su musanta lissafin Seplat ba. Cewa suke a ja shi baya a fara daga farko. Kamfanin ya shiga kasuwannin Legas da Landan lokaci guda a Afrilun 2014, a kan naira 576 a gida da fam 2.10 a Landan. A lokacin dala tana kusan naira 165, wato hannun jari ɗaya ya kama kusan dala uku da rabi. Naira 5,700 ta ƙarshen 2024, idan aka raba ta da canjin lokacin na sama da 1,500, ba ta kai dala huɗu ba. Shekara goma cur, wanda ya saya a ranar farko ya dawo kusan inda ya tashi, sai dai ribar da aka riƙa raba masa a hanya. Ninkin nan sau goma da ake gani a naira faɗuwar naira ce ta haife shi.

Wannan lissafi yana da kaifi biyu, kuma adalci ne a faɗi haka. Ya nuna cewa jarin ya kare mai shi daga zaizayar naira, wanda ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da kuɗinta ya rasa kashi tara cikin goma na darajarsa. Ya kuma nuna cewa kariya ce aka samu, arzikin dare ɗaya da ake kwaɗaita wa matasa a waya bai zo ba. Sannan hanyar da aka bi kafin a dawo wurin tana da ramuka. Wata biyu bayan Seplat ya shiga kasuwa ganga tana kusan dala 115. A Janairun 2016 ta faɗi ƙasa da 30. A Fabrairun shekarar tsagerun Niger Delta Avengers suka fasa bututun tashar Forcados, hanyar da kamfanin ke fitar da mafi yawan mansa, tashar ta kwashe sama da shekara ɗaya kusan a rufe, kamfanin ya rufe shekarar da asara. Wanda buƙata ta tilasta masa sayarwa a wannan lokaci ya sayar da abinsa ƙasa da rabin yadda ya saya.

Seplat dai ya tsallake. Afren bai tsallake ba, kuma labarinsa ya shafi Maiduguri kai tsaye. Kamfani ne da ya kasance a kasuwar Landan, amma ƙashin bayansa filin mai na Ebok ne a tekun Akwa Ibom, inda yake aiki tare da Oriental Energy, kamfanin attajirin Maiduguri Alhaji Muhammadu Indimi. Rijiyoyin suna ba da mai sosai tun 2011. Abin da ya kashe Afren bashi ne mai tarin yawa, da badaƙalar shugabanninsa, da faɗuwar farashin 2014 da ta riske shi a wannan hali. A Yulin 2015 ya durƙushe, masu hannun jari suka tashi a tutar babu, a 2018 kuma wata kotu a Landan ta ɗaure tsofaffin shugabanninsa biyu, Osman Shahenshah da Shahid Ullah, bisa laifin zamba. Man Ebok bai ƙafe ba. Oriental, wanda ba ya kasuwar hannun jari, ya ci gaba da haƙowa. Wanda ya mallaki lasisin rijiya ya tsira, wanda ya mallaki takardar hannun jarin kamfanin da bashi ya yi wa katutu ya rasa komai, domin idan kamfani ya karye bankuna ake fara biya, mai hannun jari shi ne na ƙarshe a layi.

Oando ma darasi ne. A Yulin 2014 ya kammala sayen kadarorin ConocoPhillips a kan dala biliyan ɗaya da rabi, mafi yawa da kuɗin rance, daidai lokacin da farashin ganga ya fara gangarowa. Asara mai girma ta biyo baya, rabon riba ya tsaya shekara da shekaru. A 2017 attajirin Katsina Alhaji Dahiru Mangal, ɗaya daga cikin manyan masu jari a kamfanin, ya kai ƙara gaban hukumar SEC mai sa ido kan kasuwar, har aka dakatar da motsin farashin hannun jarin na wani lokaci. Sai a farkon 2018 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu ya sasanta su. Idan mai ƙarfi irin Mangal sai da ya kai ga hukuma da fada kafin a saurare shi, mai hannun jari ɗari biyu a Khaddamari ina zai kai kukansa? Gaskiya ne a 2024 jarin Oando ya ninka fiye da sau biyar, ya zama abin magana a ko'ina. Waɗanda suka shiga da wuri sun ci. Waɗanda suka shiga bayan labari ya bazu, suka saya a ƙololuwa, sun ga farashin ya zube musu a watannin da suka biyo.

Akwai kuma kuskuren da ake yawan yi, na ɗaukar duk kamfanin da ke da alaƙa da mai a matsayin abu ɗaya. Mai haƙowa daban, mai gidajen sayarwa daban. Tsadar ganga tana faranta wa Seplat da Aradel rai. Ga TotalEnergies Marketing ko Conoil ko MRS, tsadar tana nufin ƙarin kuɗin saro kaya, da ƙarin rancen banki a lokacin da kuɗin ruwa ya yi tsada, kamar a ƙarshen 2024 da ya haura kashi 27 cikin 100, da masu ababen hawa da suka rage shan mai. Tun da matatar Dangote mai tace ganga 650,000 a rana ta fara fitar da fetur a Satumban 2024, gasar karya farashi ta matse ribar dillalai, har TotalEnergies Marketing ya bayyana asara a rabin farko na 2025. Don haka mai Keken da ya ga lita ta haura naira dubu, ya ce bari ya sayi jarin gidan man da ke karɓar kuɗinsa, yana iya asara ta fuska biyu.

Game da inda farashin ganga ya dosa, abin da ya faru a 2025 bai ƙarfafa gwiwar masu dogon buri ba. Gwamnati ta gina kasafin shekarar a kan dala 75. A watan Afrilu harajin da Donald Trump ya ƙaƙaba wa kayan ƙasashe, da shawarar OPEC da ƙawayenta ta mayar da man da suka janye daga kasuwa, suka jefa ganga kusa da dala 60. Yaƙin kwana goma sha biyu tsakanin Isra'ila da Iran a watan Yuni ya ɗaga ta zuwa kusan 80, ana tsagaita wuta ta koma ƙasa da 70. Rikici yana ɗaga farashi nan take, amma Amurka da Birazil da Guyana suna ƙara haƙowa, kuma a Sin, wadda ta fi kowa sayen ɗanyen mai, kusan rabin sababbin motoci yanzu masu lantarki ne ko masu haɗa lantarki da fetur. Ba sai an je Sin ba ma. Tun da 'yan ta'adda suka tarwatsa turakun layin wutar Damaturu zuwa Maiduguri a Janairun 2021, rufin gidaje da shaguna suka fara cika da farantan sola, bayan cire tallafi kuma manoman rani da dama suka fara sauya injin fetur da famfon sola. Manomin da ya sayi famfon nan ya fita daga layin masu shan mai, kuma da wuya ya dawo.

Maƙwabta sun ƙara wani darasin. Savannah Energy, kamfanin da ke kasuwar Landan, ya sayi kadarorin ExxonMobil na Doba a Chadi a Disambar 2022. Bayan wata uku gwamnatin Njamena ta ƙwace su. Nijar ta gina bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa tashar Seme a Benin, jirgin farko ya yi lodi a Mayun 2024, nan da nan rikicin rufe iyaka da hare-haren 'yan tawaye suka riƙa katse aikin. Farashin ganga bai yi laifi a ko ɗaya daga cikin biyun ba.

Ga mafi yawan mutanen Jere akwai tambayar da ke gaba da duk waɗannan: halal ne? Galibin malaman zamani sun halatta mallakar hannun jari a kamfanin da sana'arsa halal ce, kuma haƙar mai halal ce. Sharaɗin da majalisun malamai masu tantancewa suka gindaya shi ne kada bashi mai kuɗin ruwa ya wuce kusan kashi ɗaya bisa uku na darajar kamfanin, a kuma fitar da ɗan abin da ya shigo ta hanyar ruwa a yi sadaka da shi. Kasuwar Legas tana da ma'aunin Lotus na Musulunci tun 2012, wanda ke jera kamfanonin da suka cika sharuɗɗan, ana kuma sabunta jerin lokaci zuwa lokaci. Abin sha'awa a nan shi ne matatar malamai da matatar masu lissafi sun haɗu a wuri guda. Bashin da ke hana kamfani shiga jerin halal shi ne irin bashin da ya binne Afren ya kuma gurgunta Oando. Wanda ya bi sharaɗin don tsoron Allah ya kuma kauce wa mafi munin haɗarin sana'ar.

Idan aka auna ɓangarorin biyu, masu cewa a saya suna da gaskiya, amma gaskiyarsu ta fi yadda suke tallata ta ƙanƙanta. Ta tsaya ne a kan kamfanin da ke haƙowa, yake sayarwa da dala, bashinsa kaɗan, yake fitar da rahoton kuɗinsa a kan lokaci, yake kuma raba riba a kai a kai. Irin waɗannan a kasuwar Legas ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Ta kuma tsaya a kan kuɗin da mai shi zai iya mantawa da su shekara biyar ko goma. A nan ne yanayin Jere ya shigo da nauyinsa. A ranar 10 ga Satumban 2024 madatsar ruwan Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri da Jere, ya cinye gonaki da shaguna da dabbobi. Iyalin da ke buƙatar kuɗi a wannan safiya ba shi da zaɓin jiran kasuwa ta farfaɗo. Mutumin da jarinsa duka shi ne na noman bana ko na shagonsa, famfon sola ko gyaran injin casa zai fi yi masa amfani, domin ribarsa tabbas ce: kuɗin fetur ɗin da ba zai ƙara kashewa ba. Wanda ke da rara, ya riga ya mallaki fili ko dabba ko sukuk ɗin gwamnati, shi ne zai iya ware wani ɗan kaso, ta hannun dillalin da ke da rajista da SEC, da asusun ajiyar hannun jari na CSCS mai ɗauke da sunansa. Wannan gargaɗi na ƙarshe ya zama dole, ganin yadda MMM a 2016 da CBEX a 2025 suka wawushe kuɗin mutane da sunan zuba jari.

Saura rijiyar Tuba. Babu wani hannun jari a kasuwar Legas da ke tashi ko faɗuwa saboda abin da aka samu a Wadi-B, domin aikin na NNPC ne, kuma duk da cewa dokar man fetur ta 2021 ta mayar da shi kamfani, hannun jarinsa duka yana wurin gwamnati. An sha alƙawarin sayar da wani kaso ga jama'a, kamar yadda Aliko Dangote ma ya yi alƙawari game da matatarsa. Tarihin binciken kansa yana kiran a yi haƙuri. An haƙa rijiyoyi 23 a ɓangaren Najeriya na yankin Tafkin Chadi daga shekarun 1970 zuwa na 1990, biyu ne kawai, Wadi-1 da Kinasar-1, suka nuna iskar gas, ita ma ba ta kai ta kasuwanci ba. A Yulin 2017 'yan Boko Haram suka yi wa ayarin masu binciken NNPC da malaman Jami'ar Maiduguri kwanton ɓauna a yankin Magumeri, aka kashe mutane masu yawa, sojoji da 'yan Sibiliyan JTF da ma'aikatan jami'a, aikin ya tsaya shekaru. Ko Kolmani, a iyakar Bauchi da Gombe, inda aka yi bikin ƙaddamarwa a Nuwamban 2022 da maganar ganga biliyan ɗaya, bai fara kai mai kasuwa ba.

Idan Allah Ya sa aka dace a Tuba, rabon mutanen Jere yana rubuce a doka, kuma ba ta kasuwar Legas zai biyo ba. Kundin tsarin mulki ya ware wa jihar da ake haƙo mai a cikinta aƙalla kashi 13 cikin 100 na kuɗin da aka samu. Dokar 2021 kuma ta wajabta wa kamfanin da ke aiki ya kafa asusun raya al'ummomin da ke masaukinsa, ya riƙa zuba kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanar da aikinsa na shekarar da ta gabata. A Neja Delta an sha rigima a kan wane ƙauye ne zai shiga jerin masu masauki, da wa zai zauna a kwamitin amintattu, da inda kuɗin ke tafiya. Hakimai da lawanai da kansilolin da ke zama a sakatariyar Khaddamari suna da damar da takwarorinsu na Kudu ba su samu ba: su karanta wannan sashe na dokar tun yanzu, su tantance iyakokin ƙauyuka da gonakin da aikin ya shafa, su kuma nemi NNPC ya bayyana wa jama'a sakamakon haƙar da aka fara a Mayun 2023.